Zanen da Aka Yi wa Yaya a Abhur

Ina da shekara ashirin da uku na samu aikin akawu a wani kamfanin Turawa da ke hulɗa da jiragen kaya, daf da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Farkon shekarun sittin ne. A lokacin in ana neman mai ji da kansa, da an shigo ofishinmu an gama nema. Farar jallabiyata ba ta kwana biyu a jikina, guturata, mayafin kai irin na Larabawa, kullum a goge, ga alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Larabcina na Hijaz ne tsantsa, don a nan aka haife ni, ga ɗan Turancin da na koya a makarantar yamma ina ta yayyafa shi ko ba a tambaye ni ba. Hausa ce kaɗai ba na bari ta fito daga bakina a ofis.

Iyayena daga ƙasar Hausa suka taso da ƙafa. Sun yi shekaru a hanya, su tsaya a Sudan su yi noma su ƙara gaba, har suka tsallako teku a jirgin katako. Suka yi Hajji, komawa ta gagara. Mahaifina ya yi dako a tashar nan har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu ina ƙarami. Mahaifiyata tana sayar da balila, wato dafaffen wake irin na Larabawa, da soyayyar gyaɗa a bakin wani lungu a unguwar Nuzla, tana da tsage uku-uku a kumatu irin na garinsu. Takaruniya, haka Larabawa ke kiran irinta, kuma ba kullum suke faɗa da daɗin baki ba. In motar kamfani za ta sauke ni, tun a babban titi nake cewa a tsaya, in ƙarasa da ƙafa, don kada direba ya ga wadda ke zaune bayan tukunyar balila.

Ni ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona a gaban kowa, in aka ce ɗanki ya yi kaza sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin yayar mahaifina, Gwaggo, ita ta raine ni a gidan da muke duka. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji matan gidan suna faɗa. In tana da magana da ni Gwaggo take gaya wa, ina zaune a wurin: "Ki ce wa wancan abincinsa na rufe." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Na san wadda ke zaɓar tsoka mai kyau ta cusa ƙarƙashin tuwona.

Manajanmu yana da mata, Madam muke ce mata, doguwa mai yawan murmushi, hannunta kullum da baƙin gawayi. Zanen mutane take yi, kuma mata kaɗai. Ba irin na wasa ba: sai mace ta ci ado ta zauna a kujera, baya a miƙe, hannuwa a kan cinya, ta yi awa biyu ba motsi, Madam tana gogawa tana sharewa a kan babbar takarda. Ta zana matan 'yan kasuwa a cikin gidajensu ba da sanin maƙwabta ba, ta zana wata Bayamaniya, ta zana matar wani likita Ba'indiye. A ƙasan kowace takarda takan rubuta sunan mai hoton, ko aƙalla gidan da ta fito.

Wata safiya manaja ya kira ni ya ce matarsa tana son ta zana mace ɗaya daga cikin Takari, masu tsagen nan a fuska. Ya ce, "Kai kana zaune kusa da unguwarsu, ko? Ka san wata?"

Na ce na san da dama. Raina ya yi fari ƙal, wai manaja ya nemi alfarma a wajena.

Mata uku na tuntuɓa ta bakin Gwaggo, ukun suka yi mini tas. Ɗaya ta ce ko hoton takardar zama da ƙyar ta yarda aka ɗauka. Ɗaya ta ce a tambaye ni ko hankalina ɗaya. Kwana biyar manaja yana tambayata ina cewa gobe. Ran na shida na zauna a tsakar gida ina ta ƙorafi da ƙarfi, ina cewa za a ga gazawata a ofis, kuma na san sarai wa nake so ta ji. Yaya tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Can ta ce wa Gwaggo, "Macen ce za ta yi zanen? Ba namiji a ɗakin?" Gwaggo ta dube ni, na ce mace ce. Ta sake cewa, "Kuma maganar aikinsa ce?" Gwaggo ta ce haka ya ce. Yaya ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta ta ce, "To, halas, shi ke nan. Ki ce masa ya sa rana."

Ranar Alhamis bayan azahar aka aiko mota. Na so ta sa baƙar abaya kamar matan gari, ta fito cikin wani baƙin saƙi na rini da ban taɓa gani a jikinta ba. Daga gida ta taho da shi, ya yi tafiyar nan duka a ƙasan ƙunshinta, shuninsa har yana ɗaukar ido. Ta sa murjaninta, ta sha lalle hannu da ƙafa, ta yi ɗaurin kallabi mai tsayi. Matan gidan suka sa guɗa suna tsokanarta wai amarya. Ni kuwa haushi ya cika ni, don a idona ƙauyanci ne ya fito fili. Na shige gaba kusa da direba na bar ta a baya ita kaɗai, har muka isa ban juya ba.

Manaja yana da ɗan gidan hutawa na katako a Abhur, bakin ruwa, inda Turawa ke zuwa wanka. Can Madam ta zaɓa saboda haske da rashin idon mutane. Tafiya ce mai nisa a lokacin, rabin hanyar yashi. Madam ta tare mu a ƙofa, ta ga Yaya ta dafe ƙirji. Ta kama hannunta biyu ta shigar da ita falo, ta zaunar da ita a kujerar da ta fi kowace kyau, ta zuba mata shayi da kanta a kofin tangaram mai bakin zinariya. Yaya ta karɓa da hannu biyu ta yi bismilla. Ni aka ba ni kujera a bakin ƙofa, don in riƙa fassara.

Ban san Yaya ta iya zama haka ba. Matar da na saba gani a tsugune gaban murhu, ga ta ta miƙe wuya, ta ɗora hannu ɗaya kan ɗaya, ta kafa ido a taga inda ruwa yake. Ba ta yi wa Madam murmushi ba, ba ta ɓata rai ba. Ƙarar gawayi kan takarda kaɗai ake ji. Na tuna na yi mamakin ganin tana da kyau, kuma na ji haushin mamakin.

An yi kamar awa guda sai na lura Madam tana kallon Yaya, ta kalle ni, ta sake kallon Yaya. Mai zane ce, aikinta ke nan duban goshi da kunne. Ta ajiye gawayi, ta nuna ni da yatsa, ta tambayi Yaya da gurgun Larabcinta: "Hada waladik?" Wato wannan ɗanki ne?

Yaya ta yi abin da kowace uwar ɗan fari za ta yi. Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta ce, "La, la." Sannan ta ƙara da Hausa, ƙasa-ƙasa, tana 'yar dariya: "Ni ina na ga ƙaton ɗa kamar wannan."

Da Bahaushe ne a wurin, ko yaro ne, ya gane amsar nan e ce. Ba a rufe baki a yi wannan dariyar don ɗan wani. Amma Madam ba Bahaushiya ba ce, ta ji a'a, ta ɗauka a'a ce. Ta juyo wajena da mamaki ta ce da Turanci, "Da gaske? Kunnenku iri ɗaya ne sak. To wace ce ita a wajenka?"

Jimla biyu ta ishe ni in yi bayani. In ce uwata ce, al'adarmu ce ba ta amsa ɗan fari a gaban mutane. Na san Madam da son irin waɗannan abubuwa, da ta yi murna ta rubuta a littafinta. Amma ban ga Madam a lokacin ba, ofis na gani: manaja yana ba da labari a wajen shan shayi, akawunan Larabawa suna haɗa ido, masinja yana kirana ɗan mai balila. Kuma ga ƙofa Yaya ta buɗe da kanta, ba ni na fara cewa a'a ba. Sai na bi ta ƙofar. Na ce, "Mai wanki ce. Tana yi wa gidanmu wanki."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Madam ta ce, "Ayya," ta ɗauki fensir ta rubuta wani abu a kusurwar takarda. Ba ta tambayi suna ba, ni ma ban bayar ba. Yaya ba ta jin Turanci. Ta gyara mayafinta ta koma kallon ruwa.

Zama uku aka yi, Alhamis uku a jere. Ba zan ɗora wa Madam laifi ba, mace ce mai kirki iya saninta. Sai dai a zama na biyu ba ta zuba shayi da kanta ba. Da aka tashi hutawa ta kira kuku ta ce ya kula da baƙuwa, ya ja Yaya ta ƙofar baya ya ba ta shayi a kofin silba, a kan benci kusa da tankin ruwa. Ni kuwa aka kawo mini nawa a falo, na sha. Ta taga ina hango ta tana busa shayin, baƙin saƙin nan ya bazu a kan bencin.

A zama na uku aka gama. Madam ta juyo da takardar don mu gani. Yaya ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa kusa da tsagen kumatun hoton ba ta taɓa ba, ta ce, "Kai, Allah mai iko. Har da na hagun da ya karkace." Madam ta rungume ta. Muna shirin shiga mota sai ga kuku da wani ƙaton ƙunshi, ya jefa a kujerar baya. Madam ta ce da ni cikin fara'a, "Ka gaya mata zannuwan gado ne da labule da mayafan tebur. Ina so in taimaka mata da aiki. In ta yi da kyau zan gaya wa ƙawayena."

Ban fassara ba. Na ce wa Yaya, ina kallon tayar mota, kaya ne za a sauke a gari. Ta shiga ta zauna kusa da ƙunshin. Bakinsa bai ɗauru sosai ba, wani mayafin tebur mai tabon miya ya leƙo. Ta kalle shi, ta tura shi ciki, ta ƙara ɗaure bakin da kyau. Da muka iso Nuzla, kafin in zagayo, ta riga ta ɗora shi a ka ta shige lungu.

Washegari Juma'a da hantsi na fito na tarar tsakar gida ta cika da bahuna. Ruwa a Jidda a lokacin ba abin wasa ba ne, sai ɗan garuwa ya kawo, ga shi Yaya ta sa an yi ta jido mata. Ta cire murjani, ta ɗaura tsohon zani, lallen hannunta yana cikin kumfa. Gwaggo ta tsaya a kanta ta ce, "Wannan tulin na waye?"

"Na wajen aikinsa ne."

"Wanki aka kai ki ko zane?"

Yaya ta ci gaba da cuɗa. Gwaggo ta juyo ta zuba mini ido. Na fara kame-kame wai Turawa haka suke, in sun saba da mutum sai su ba shi amanar kayansu. Gwaggo ta ce, "Uhm," ta tofar da yawu gefe ta shige ɗaki. Na wuce masallaci da wuri a ranar, ban dawo ba sai bayan la'asar.

Kwana biyu Yaya ba ta fita da balila ba. Ta wanke, ta sa bula, ta sa sitati, ta shanya har igiyar maƙwabta, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta ninke su gefe da gefe. Ni na ɗauka na kai. Madam ta shinshina ta ce ba a taɓa yi mata wanki irin wannan ba, gidanmu mun yi dace, yaushe matar za ta zo ta ɗauki na gaba? Na ce ai ta koma ƙasarsu. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Madam ta yi jimami sosai.

Shekara biyu bayan haka aka yi wa manaja canji suka tafi. Ni na ci gaba da hawa, har na zama babban akawu. Na yi aure, 'yar wasu Hausawan Sudan, mace mai baki da dariya. Gwaggo ta rasu. Na kama gida mai famfo, na ɗauko Yaya na hana ta talla, na saya mata fanka da rediyo. Ina ganin da waɗannan na shafe abin da ya wuce, tunda ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Yanzu matata ce ke ɗaukar saƙo: "Ki ce wa mai gidan nan kaza."

Wajen tsakiyar shekarun saba'in wani ƙunshin takarda ya iso ofis da sunana. Daga Madam ne. Ta ba da zane-zanenta duka ga gidan adana kayan tarihi na garinsu, an rataye su a ɗaki guda, an buga ɗan littafi mai hotunansu. Mata goma sha wani abu, kowacce da sunanta a ƙasa, ko 'yar gidan wane, ko matar wane. Yaya ce a shafin tsakiya, ita aka ba shafi guda cur. A ƙasa an rubuta: mai wanki, ba a san sunanta ba, Jidda. A cikin wasiƙar Madam ta ce hoton nan ne mutane suka fi tsayawa a gabansa, kuma tana jin takaicin rashin tambayar suna. Ma'aikatan gidan suna so su gyara katin da ke jikin bango. Ko zan taimaka in binciko sunan matar da danginta?

Na cusa littafin a ƙasan jakata na kai gida, na rasa inda zan sa kaina. Kwana uku yana nan. Ran na huɗu na dawo cin abincin rana na ji matata tana ihu daga ɗakin Yaya. Ta je neman wata takarda a jakar ta ci karo da shi.

"Yaya, wallahi ke ce! Ga ki a littafin Turawa! Dubi wuya, dubi ɗauri! Ashe haka kika yi tashe ba mu da labari?"

Na tsaya a bakin ƙofa. Yaya tana zaune a kan darduma, idonta ya fara rauni, ta kawo littafin daf da fuska. Ta daɗe. Ta yi maganar saƙin, ta ce uwarta ce ta ba ta ranar da za su taso. Sannan ta sa yatsa a kan rubutun ƙasa ta ce wa matata, "Nan me suka ce?"

"Ni ina na iya Turanci? Ga mai shi nan. Yalla, maza karanta mana, sunan Yaya ne ko?"

Na yi niyyar in ce e. Bakina ya ƙi. Na durƙusa a bakin ƙofar, na karanta musu yadda yake, kalma bayan kalma. Matata ta ce, "Mai wanki? Wane ɗan banzan ne ya gaya musu haka?" Na ce ni ne. Na faɗi abin da Madam ta tambaya da abin da na amsa. Na faɗi maganar komawa ƙasarsu. Ina magana ina kallon tabarma, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Matata ta saki baki tana kallona kamar yau ta fara ganina. Na ƙare da cewa sun nemi suna, kuma gobe-goben nan zan rubuta musu in ce mahaifiyata ce, in ba su sunanta da na ubanta da na garinsu.

Yaya ba ta nuna mamaki ko kaɗan ba. Ta rufe littafin ta ɗora a cinya, ta ce wa matata, "Tun ranar da aka fitar da ni shan shayi a baya na san an faɗi wani abu. Da na ga ƙunshin na san ko mene ne." Sannan ta ce, "Ki ce masa kada ya rubuta."

Matata ta ce, "Haba Yaya! A bar ki a bango ana ce miki mai wanki?"

"Mutanen nan da gaskiya suka san shi. Shekara nawa yana musu aiki, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. In ya rubuta yanzu za su ce ashe tun farko maƙaryaci ne, maganar ta zagayo har ofishinsu. Ni me ya dame ni? Ban san garin ba, ba su san ni ba. Kuma wankin na yi shi, ya fita."

Ta miƙa wa matata littafin ta ce a sa mata a ƙasan akwati, ta tambaya ko an sauke shinkafa.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne abin da na ji a lokacin. Sauƙi na ji. Ina durƙushe, hawaye a idona, amma can cikin ƙirjina wani abu ya saki, don an ɗauke mini rubuta wasiƙar, kuma uwata ce ta ɗauke, ba wanda zai ce na ƙi. Matata ta gani a fuskata. Ta tashi ta fita, ranar a rufe na tarar da abincina.

Sai dai wasiƙar Madam tana jiran amsa, ni kuma akawu ne, ba na barin takarda ba amsa. Bayan mako guda na zauna gaban keken rubutu a ofis na buga layi huɗu. Na gode da littafi, na yaba aikin, na ce na yi iya bincikena a unguwa amma ba a samu wanda ya san matar ba. Na sa hannu, na manna kan sarki, na kai gidan waya da kaina.

Yaya cewa ta yi kada in rubuta. Ba ta ce in rubuta wannan ba.